Daga Kano Zuwa Timia a Kan Manyan Tayoyi

Hilux ɗin Alhaji, mijin yayata, da taya mai lamba 265/65R17 ta fito daga kamfani, kuma a kan irinta ta yi shekaru tana kai kaya Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ba wanda ya taɓa kuka da ita. Ranar da Alhaji ya samu cinikin kai injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana ga masu lambu a Timia, can cikin duwatsun Abzin, ranar ce abokan majalisarsa suka gano motar tana da aibu. Wai ba a tunkarar Sahara da tayar zuwa ofis. Wanda ya fi zaƙewa a cikinsu ko Daura bai taɓa wucewa ba, amma wayarsa cike take da hotunan motocin Ostareliya da Dubai masu tayoyi har ƙugun mutum. Kafin la'asar Alhaji ya gama yanke shawara. Ni kuma aka ce in bi shi in riƙe lissafi da takardu, tunda ina ɗan taɓa Faransanci.

A Ƙofar Ruwa aka yi cinikin. Kusan duk tayar da ke kasuwar Najeriya yanzu 'yar ƙetare ce, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, don haka mai saye sai ya buɗe ido tsakanin sabuwa dal da 'yar Beljiyam da aka shafa wa baƙi. Alhaji ya ɗora hannu a kan 285/70R17 mai manyan haƙora, irin ta shiga taɓo. Lambar farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 70 cikin 100 na faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne a inci. In ka buga lissafi, tsohuwar tayar tsayinta milimita 776, sabuwar kuma 831. Bambancin milimita 55 ke nan, amma rabinsa kaɗai ke ɗaga mota daga ƙasa, sauran rabin sama ya yi, cikin madigadi. Duk wannan kuɗi a kan ƙarin tsayin da bai cika santimita 3 ba.

Direbanmu dattijo ne ɗan Damagaram wanda ya yi ƙuruciyarsa yana yaron mota a manyan motocin Arlit. Duk gidan Baba ake ce masa. Bai tanka wa kowa ba, sai ya tsuguna yana shafa gefen kowace taya da yatsa har ya samo 'yan lambobi huɗun nan da ke faɗin ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ya ware ɗaya da ta girmi 'yan'uwanta ya ce a canza. Jami'an kiyaye haɗurra na Najeriya shekara 4 suke ba taya daga ranar ƙira, ko da haƙoranta ba su taɓa kwalta ba, kuma zafin shagon kwano yana cin roba tun tana jingine. Da ya gama sai ya ɗaga sabuwar ya ajiye, ya ɗaga tsohuwar ya ajiye, ya ce da ni, "Ɗauki ka ji." Tsohuwar na ɗaga ta cak. Sabuwar sai da na haɗa da gwiwa.

Da mai faci ya gama ɗaurawa motar ta yi kwarjini, wannan ba musu. Yaran kasuwa har hoto suka ɗauka. Amma Baba na karya sitiyari gaba ɗaya zai yi ribas sai muka ji ƙurrr daga ƙafar gaba. Taya na gugar jiki. Aka cire robar taren laka, aka gasa robar cikin madigadi da wuta aka danne ta ciki, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Da aka leƙa sai ga sheƙi a jikin ƙarfen da ke riƙe da kan mota bisa shasi, daidai bayan tayar gaba. Mai walda ya ce minti goma ne, a yanke. Baba ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfen ba ado ba ne. In za a taɓa shi, a yanki kusurwa kaɗan a toshe da faranti mai kauri, ni kuma ina tsaye." Haka aka yi. Wani ya kawo shawarar a ɗaga motar da dogayen shokozoba, amma wannan jiki kawai yake ɗagawa. Ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda shi ne ke fara dukan dutse, ba abin da ke nisanta shi da ƙasa sai tsayin taya.

Saura safaya. Sabuwar taya ta ƙi zama a mazauninta na ƙarƙashin bodi, bayan mota kuma an riga an lissafa shi da farantan sola da injina da jarkoki. Alhaji, wanda kuɗin huɗun ma sun taɓa shi, ya ce a bar tsohuwar safayar, ai taya taya ce. Baba ya kalle shi, ya kalli tayar, ya ce, "Allah ya tsare."

Mun bi ta Kazaure da Daura muka tsallaka a Kwangwalam, muka ratsa Matamaye zuwa Damagaram. A kan kwalta lafiyayya tayar taɓo waƙa take yi, wani gurnani da ke tashi da zarar an haura 60, har rediyo sai an ƙara masa murya. A nan ne na lura da abu na biyu. Mitar mota na nuna 100, wayata kuma na cewa gudunmu ya kusa 107. Ba wayar ce ta yi ƙarya ba. Mita juyin taya take ƙirgawa, kuma kamfani ya saita ta a kan tsohon girma. Sabuwar tayar kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da tsohuwar da kashi 7 cikin 100. A cikin gari abin da wannan zai jawo maka bai wuce tara ba. A dajin da gidan mai ke da nisa, mitar da ke rage maka kilomita tana ɓata maka lissafin fetur, tana kuma jinkirta maka ranar juyen baƙin mai.

Damagaram ba mu ba ta haƙƙinta ba. Mun kwana, mun zaga Birni da safe ta gaban fadar Sarki da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, muka cika tanki da jarkoki muka kama hanyar arewa. Kimanin kilomita 50 daga gari matatar man SORAZ take, wadda aka buɗe a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, tankoki jere a bakin hanya suna jiran lodi. Daga nan ƙasa ta fara buɗewa, karan gero ya yi fari a gonakin Damargu, iskar hunturu na bugun mu ta gefe.

Injin motar na fetur ne, mai lita 2.7, irin wanda ya cika Najeriya. Inji ne mai haƙuri amma ba mai fushi ba, kuma babbar taya daidai take da a ce an ɗaga kowace giya sama kaɗan. Tashi daga tsaye sai an ƙara totur an riƙe kuloci. Ɗan tudun da Baba ya ce da giya biyar yake haye shi sai ga mu a huɗu, wani lokaci uku. Allurar mai kuwa ta kama gangara tun kafin Tanut. Can gaba da garin wani jaki ya faɗo hanya, Baba ya taka birki, motar ta tsaya, amma ta ƙara 'yan taku fiye da inda ƙafarsa ta saba. Bai ce komai ba sai da jakin ya wuce: "Birkin na ƙaramar taya ne, Alhaji. Ba a canza shi ba."

Gaskiya ɗaya ce, daga Tanut zuwa gangaren Tigidit tayoyin sun biya wani abu daga kuɗinsu. A lokacin da muka bi hanyar kwaltar ta mutu a wurare da dama, ta bar ramuka masu kaifin baki, motoci sun buɗe wasu layuka a gefe cikin rairayi da gargada. Tayar kamfani da irin lodinmu da tuni gefenta ya kumbura. Sababbin masu kaurin gefe ne, lambar ɗaukar nauyinsu 121, wato kilo 1,450 kowace ɗaya, alhali tsofaffin 112 ne, kilo 1,120. Alhaji ya samu bakin magana, tun daga Adarbisanat, inda muka tsaya shan shayi da cuku, yake tsokanar Baba. Ni dai abin da na gani shi ne ƙarfin jikin tayar ne ya yi wannan aiki, ba faɗinta ko haƙoranta ba, kuma ana samun mai irin wannan ƙarfi a kusan girman tsohuwar.

Tsakanin Damagaram da Agadas kimanin kilomita 450 ne. Mitarmu ta ce 420 da 'yan kai.

Agadas tun daga nesa hasumiyar babban masallaci ke yi maka maraba, ginin ƙasa mai tsayin mita 27 da itatuwa suka tsattsaga jikinsa. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sake shi a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Amma ni garejin bayan kasuwa ya fi ɗauke min hankali, domin in akwai garin da ya san Hilux ciki da bai, to wannan ne. Nan motocin Dirku da Libiya suke shiri, an kakkafa sanduna a bayansu don fasinja su riƙe, jarkokin ruwa an naɗe su da buhu. Nan kuma masu neman zinariya suka riƙa tashi tun da aka gano ta a Jado a 2014. Dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta sa an kama motoci da yawa, har aka soke ta a ƙarshen 2023. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan taya ke nan, sai na bi layi ina duban ƙafafun motocinsu. Mai manyan haƙora irin tamu ba ta da yawa. Abin da ya fi yawa dogaye ne marasa faɗi, musamman 7.50R16 a kan Land Cruiser a-kori-kura, wadda tsayinta ya haura milimita 800 amma siririya ce, gefenta dogo, zanenta lafiyayye. Kowace mota da safaya biyu ko fiye, duk girmansu ɗaya.

Ja-goran da aka haɗa mu da shi Ba'abzine ne mai rawani har hanci, Hausarsa tas. Ya zaga motar sau ɗaya, ya sa yatsa cikin haƙoran taya ya ce, "Alhaji, taɓo za mu shiga?" Sannan ya durƙusa ya leƙa safaya, ya daɗe bai ɗago ba. Ya tambaya ko muna da famfon iska da geji. Baba ya fito da su daga bayan kujera, ashe da kuɗinsa ya saya a Damagaram. Ja-gora ya ce to, da sauƙi.

Timia ta haura kilomita 200 daga Agadas, kuma ba a auna tafiyar da kilomita, da yini ake auna ta. Mun fita da sassafe tare da wasu motoci, don hanyar ba a yi mata tafiyar kaɗaici. Ta Dabaga aka bi, gefen korin Telwa, lambuna da goriba na bin bakin rafin da ba ruwa a samansa. Hanyar sai ta hau tsakuwa, ta gangara cikin kori, ta sake hawa. A wani kori mai faɗi, rana ta fara zafi rairayi ya saki, Baba ya sa fowil ya shiga. Ba mu yi nisa ba motar ta fara nishi, haƙoran nan suka kama aikin da aka ƙera su dominsa, wato tona. Kafin ka ce kwabo ƙafafun baya sun nutse har rim. Wata tsohuwar Land Cruiser mai siraran tayoyi, lodinta ya fi namu, ta raɓa mu ta wuce a hankali, yaron motar yana ɗaga mana hannu.

Ja-gora ya hana a ƙara taka totur. Ya karyi ɗan tsinke ya tsuguna gaban tayar gaba ya danna bakin bawul, iska ta kama fita. Mai facin Kano 40 ya ba kowace taya. Aka yi ta ragewa ana aunawa har geji ya nuna 18, abin da su a can suke kira kilo ɗaya da 'yan kai. Na zuba ido ina kallon tayar tana kwanciya. Na ɗauka faɗi za ta ƙara, ashe tsawo take ƙarawa: wurin da ke taɓa ƙasa ya miƙe gaba da baya, ya kusa ninka yadda yake. Ja-gora ya nuna takalminsa, irin faffaɗan nan na Abzinawa, ya ce, "Ka ga wannan? Ba don ƙafata babba ce ba. Don kada in nutse ne. Taya iska ce takalminta." Muka kwashe rairayin gaban ƙafafu da hannu da shebur, aka shimfiɗa rassan da suka bushe, Baba ya sa giya biyu ta ƙarfi ya saki kuloci a hankali. Motar ta taso kamar ba ita ba.

Abin da ya sa mutanen hamada ke son dogon gefe ke nan. Taya mai dogon gefe tana da wurin kwanciya in an rage mata iska, ba tare da rim ya kusanci ƙasa ba. Siririya kuma rairayin da take turawa a gabanta kaɗan ne, inji bai wahala. Amma ragin yana da iyaka: in ya yi yawa, ka karya kwana da ƙarfi, taya na iya zamewa daga rim. Kuma da zarar an fita rairayi dole a mayar da iskar, domin taya mai laushi a kan dutse gefenta a waje yake, a kan gudu kuma zafi take ɗauka.

Wannan mayarwar ita ce aikin da ba wanda yake so. Ƙaramin famfo mai jona batir, manyan tayoyi huɗu, rana a ka. Mun yi a kori na farko da na biyu. Bayan Elmeki, garin da aka san shi da haƙar kuza, ƙasa ta koma baƙaƙen duwatsu masu kaifi, koraye kuma suka riƙa zuwa a jere. A nan ƙarin tsayin nan na santimita kusan 3 ya yi rana, don akwai duwatsun da na tabbata da tsohuwar taya sai mun ji su a cikin motar. Sai dai da muka fito daga wani kori yamma ta yi, sauran motoci sun yi gaba, Alhaji ya ce a bar famfon nan haka, ai wani rairayin na gaba. Baba ya ce, "Alhaji, dutse ne fa." Alhaji ya ce a dai lallaɓa. Ba a yi tafiyar kirki ba muka ji fuuu daga baya ta dama. Dutse ya tsaga gefen tayar, tsagar da yatsu uku za su shiga.

Aka sauko da safaya aka jingina ta da 'yar'uwarta, sai ta zama ƙanwa. Ja-gora ya ce ba za a sa ta a baya ba, inda nauyi da ƙarfin inji suke. Dalili kuwa, in an sa fowil a irin wannan mota, gaba da baya a kulle suke, dole su juya daidai. Taya ɗaya ƙarama tana sa ɓangare ɗaya ya riƙa gaggawa, a rairayi santsi na sakin wannan matsi, amma a kan dutse giyar tsakiya ce ke shan wahalar. Don haka aiki ya zama biyu: a ciro lafiyayyar gaba a kai baya, a sa ƙaramar a gaba, a yi tafiya ba fowil sai inda ya zama tilas. Jak ɗinmu na kamfani ne, an yi shi don tsohon tsayi, sai da aka yi masa matashi da faffaɗan dutse kafin ya ɗaga motar yadda babbar taya za ta shiga. Muna gamawa duhu ya rufa, sanyin Abzin ya sauko, muka kwana a wurin. Ja-gora ya gasa taguella, gurasar Abzinawa, cikin rairayi da garwashi, ya haɗa shayi. Alhaji ya sha nasa shiru.

Timia kuwa ta cancanci wahalar. Bayan yini guda na baƙin dutse sai kwari ya buɗe, ga dabino, ga lemo da rumman da garehul sun yi nauyi a rassa, ga tsohuwar ganuwar sojan Faransa a kan tudu tana kallon gari. Kusa da garin akwai magangarar ruwa da ke zuba cikin tafkin dutse. A wasu lambunan har yanzu raƙumi ne ke jan guga daga rijiya, yaro na kai shi yana dawo da shi, ruwa na bin 'yan magudanai zuwa fangali. Irin wannan aiki ne injinan Alhaji suka zo sauƙaƙawa, kuma masu garka sun yi ta tambayar abin da ya dace: zurfin da injin ke ja, da wanda zai gyara in ya lalace. Ba wanda ya tambayi taya, sai wani yaro da ya lura motar ta ɗan karkata gaba.

Tsagaggiyar tayar wani mai faci ya karɓa. Ya yanko ɓallin tsohuwar taya ya shimfiɗa ta ciki, ya huda da basilla ya ɗinke bakin tsagar da zare mai kauri, ya zura tib. Ya ce za ta kai mu Agadas in ba a yi gudu ba, amma kada a kuskura a hau kwalta da ita. Ta kai mu. A Agadas aka zaga gari neman 285/70R17 ba a samu ba sai guda ɗaya da ta suɗe, alhali 7.50R16 da tayoyin Hilux na kamfani ga su nan a kowane shago. Girman da babu shi a garin da za ka, ko ya fi kowanne kyau, bashi ne ka ɗauka.

Ra'ayina bayan wannan tafiya bai kai na Baba tsauri ba, shi da yake ganin duk abin da Toyota ba ta sa ba bidi'a ce. Ƙarin girma yana da amfani ga mai bin dutse da rairayi, amma taki ɗaya ya isa. A irin wannan Hilux, 265/70R17 tsayinta milimita 803 ne, mita ba ta kauce da fiye da kashi 3 da rabi ba, galibi tana shiga ba yanke-yanke, kuma safayarta na zama a mazauninta. A nemi mai kaurin gefe da matsakaicin zane, a bar mai haƙora ga masu shiga fadama da damina. Ita 265/70R17 ɗin nan Alhaji ya koma wa bayan mun dawo Kano, ya sayar da ukun da suka rage wa ɗaya daga cikin abokan majalisar, wanda har yau tsakanin Zoo Road da Kantin Kwari yake yawo da su.

In kuɗinka na taya huɗu ne kacal, kada ka canza girma. Ka jira sai sun kai na biyar, da famfo da geji a kai.